Ƙofar Gaban Gidan Hollis Corkum

Hollis Corkum ba ya iya tsayawa kusa da bango bai ɗora masa tafin hannu ba. Ko gaisawa kuka tsaya yi a bakin titi, bakinsa na amsa maka, hannunsa na can jikin katakon gidan wani, kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta. Wani lokaci ya cire hannun, ya dubi tafin, ya girgiza kai kaɗan. Amma in labarin wannan girgiza kai ya isa kunnen mai gidan, ranar ba ya cin abinci da daɗi.

Da can masunci ne, kamar ubansa da kakansa. Ya ƙarar da shekarun ƙarfinsa a teku, har lokacin da kifi ya yi ƙaura ya bar mu da jirage da raga. Wasu suka tafi yamma neman aiki. Hollis ya sayi tsani biyu, dogo da gajere, ya zama mai fentin gidaje. A garinmu Lunenburg wannan sana'a ba ta yankewa. Gidajen duk na katako ne, sun girmi kakanninmu, iskar gishiri kuma ba ta hutu. Bango ɗaya ake yi wa fenti a shekara, kafin a zagayo kan na huɗu na farko ya soma ɓarewa, sai a koma. Hollis yakan ce shi bai taɓa gama gida ba, sai dai ya ɗan ba shi hutu.

Bai yi aure ba. Da ƙuruciya teku ce ta hana, daga baya jinyar mahaifiyarsa, daga baya kuma sabo. Gidansu na kan tudu in ka hauro daga bakin ruwa, shuɗi ne mai fararen tagogi, da ɗan ɗakin nan da ke turo goshi a saman ƙofa, inda mata kan zauna su ga wane jirgi ya shigo, su kuma ga wa ya shiga gidan wa. Ƙofar gaban kakan babansa ne ya sassaƙa ta. Kafintan jirgi ne, ya zuba mata igiyoyi da ganyaye na katako kamar wanda ba shi da wani aiki a duniya. Baƙi masu yawon buɗe ido sukan tsaya su ɗauki hotonta, wasu har su ƙwanƙwasa. Hollis na kicin yana jin su, ba ya motsi. Wanda ya san mai gida ai ta baya yake zagayawa, ya tura ƙofar kicin, ya goge ƙafa.

Ƙofar gaba aikinta biyu ne, ta shigo da amarya, ta fitar da gawa. Ta gidan Corkum rabonta da buɗewa tun ranar da aka fitar da gawar tsohuwa, mahaifiyar Hollis. Daga nan kowace bazara Hollis yakan yi mata fenti, da yake kuma iskar hunturu na kutsowa ta tsaga, sai ya riƙa cika tsagar da burushi. Shekara ta bi shekara, ƙyaure da bango suka zama abu guda.

Leta Zinck a layin baya take. Bayan gidanta na kallon bayan nasa, igiyar shanya ɗaya suke rabawa tun mijinta na da rai. Ta yi aiki a kamfanin gyaran kifi har yatsunta suka ƙi. Siririya ce, ido a tsaye, ba ta ɓoye abin da ta gani. Kowace Asabar takan tsallako da tukunyar kifi mai gishiri da dankali da soyayyar albasa, su ci a kicin ɗinsa, ta yi masa faɗa kan tsumman goge kwanuka, ta koma. Gari ya yi ta jiran wata magana ta fito daga wannan tukunya, har ya gaji ya manta.

Wata Asabar, ana tsakiyar zafi, Leta ta ce 'yarta Marlene da ke birnin Halifax ta matsa mata ta sayar da gida ta koma wurinta kafin sanyi. Har an ware mata ɗaki. Hollis ya daɗe yana tauna dankali ɗaya. Sannan ya ce dama bangon arewa na gidanta ya ruɓe, ya taɓa ya ji. Ta ce ta sani. Ya ce nasa kuwa lafiya lau, duka huɗun. Ta ce tana taya shi murna. Ya ce ɗakunan sama ma babu kowa a ciki.

"Hollis, haya kake ba ni ko aure kake nema?"

"Wanda ya fi miki sauƙi."

"Allah ya shirye ka. Shekara nawa ka yi kana haɗa wannan maganar?"

Ya ce bai ƙirga ba.

Ta ajiye cokali, ta ba shi labarin da duk garin shi kaɗai bai sani ba, don yana teku lokacin. Ranar aurenta da Zinck ruwa aka wuni ana yi, uwar mijin ta ce ba za a buɗe ƙofar gaba a ɓata mata dardumar falo ba. Ta kicin aka shigar da amarya, da farar rigarta, tsakanin bokitin toka da takalman roba. Ta zauna a gidan nan, ta haihu, ta yi jinyar uwar mijin, ta yi jinyar mijin. Su biyun duk ta ƙofar gaba aka fitar da su. Ita har yau ba ta taɓa bi ta ciki ba.

"Sau ɗaya aka yi min haka, ya isa," in ji ta. "In kana so na, ta ƙofar can zan shigo. Buɗe ta za ka yi, ba ɓallewa ba. Kuma kafin ƙanƙara ta sauka, don Marlene da mota za ta zo."

Ta ƙara da sharaɗi guda. Kada kowa ya ji sai ƙyauren ya motsa. Ba za ta zama abin dariyar layi ba in ya kasa.

Ranar Litinin Hollis ya fito da wuƙar kankara da 'yar kujera, ya zauna gaban ƙofar. Gidajenmu kuwa a bakin titi suke, ba tsakar gida, ba katanga. Erma Hebb ta gidan da ke kallon nasa tana zaune a goshin gidanta da saƙa. Ta ga mutum ya haura saba'in, ba mata, ba ɗa, ga rama, ya tashi da sassafe yana kankare ƙofar gaba. Ta ajiye saƙar. Kafin azahar magana ta isa bakin ruwa cewa Hollis na shirin mutuwa. Kafin yamma har cutar ta samu suna.

Ba wanda ya tambaye shi. A garinmu ba a tambayar mutum irin wannan abu, abinci ake kai masa. Tukwane suka fara zuwa ta ƙofar kicin: miyar kifi, kabejin tsami, burodi mai zafi. Erma ta kawo kek ɗin tuffa, ta tsaya tana kallonsa yana ci, tana share ido. Fasto ya zo ya daɗe, ya yi magana mai taushi kan jirgin da ya sha guguwa ya iso inda ruwa ke kwance. Hollis ya ce gaskiya ne, bana iskar da sauƙi. Bai gane ba sai ranar da Wade ya zo. Wade shi ne ɗaya mai fentin garin, sun daina gaisawa tun wani saɓani kan bangon makaranta. Ya riƙe hannun Hollis da hannu biyu, ya ce a yafe wa juna. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa, ya tambaya cikin ladabi ko an yanke shawara kan dogon tsanin.

Hollis ya zauna shi kaɗai ya dubi tukwanen. Ya yi niyyar faɗin gaskiya. To amma Leta ta hana magana, kek ɗin Erma kuma ba abin rainawa ba ne. Ya ci gaba da kankara. In mutane sun zo wucewa yakan ɗan yi tari. Ba za a ce da gangan ba ne, ƙurar tsohon fenti ma tana sa tari.

Aikin ya yi ta tafiya a hankali. Shuɗin da shi ya shafa ya fita, kore mai duhu ya bayyana, na jirgin babansa. A da ba a sayen fenti saboda gida, abin da jirgi ya rage shi gida ke samu. Ƙarƙashin koren rawaya ce, ta ƙananan kwale-kwale. Ƙarƙashin rawayar baƙi. Wannan ya san labarinsa, na shekarar da guguwa ta ci jirage ne, ƙannen kakansa biyu suka tafi ba su dawo ba, ba a ma samu abin da za a fitar ta ƙofar ba. Ranar da ya kai kan baƙin bai ƙara taɓa komai ba, ya zauna a dokin ƙofa har inuwa ta rufe titi.

A nan Freeman Tanner ya same shi. Tare suka yi kwale-kwale ɗaya suna samari, shi ya sa shi kaɗai ke da bakin tambaya.

"Kai, tsoho. In tafiya za ka yi ka faɗa min, in duba baƙar kwat ɗina ko asu ya bar wani abu."

"Duba ta. Amma ka nemi fure ka maƙala."

Freeman ya dube shi, ya dubi ƙofar, ya leƙa ta lungu ya hango igiyar shanya. Ya yi dariyar da sai da ya dafa bango. Da ya huce ya ce to ai wannan aikin rabin yini ne, a bi tsagar da wuƙa, a sa kafaɗa, a gama kafin shayi ya huce. Me ya kai shi kankare ganyayen katako ɗaya bayan ɗaya, su ne suka riƙe ƙyauren? Hollis ya ce bai kamata amarya ta shigo ta ƙofa mai dauɗa ba. Freeman ya ci gaba da kallonsa.

"Ta daɗe tana barci, Freeman," in ji Hollis. "Aiki biyu ta sani. In na tashe ta, ban san wanne za ta fara tunawa ba."

Wannan karon Freeman bai yi dariya ba. Ya ce masa dama tun a kwale-kwale ba shi da wayo, ya karɓi yankan kek ɗaya ya tafi.

Leta ta ji labarin a shagon kayan abinci. Tana shiga mata suka zagaye ta suna ba ta haƙuri, maƙwabcin kirki irin wannan. Erma ta ce ita dai tana iyakar ƙoƙarinta, kullum sai ta kai masa, ya ce bai taɓa cin kek irin nata ba. Leta ta biya kuɗin gishirinta. Ranar Laraba ce, amma ta tsallaka. Ta tarar da shi a kicin, tebur cike da tukwanen mutane.

"Ina marigayin?"

"Leta, tsaya ki ji."

"Na ga har ka yi kumatu. Mutuwar ta karɓe ka." Ta ɗaga farantin Erma. "Wannan fa?"

"Tilasta min ta yi."

"Ta danne ka ta ɗura maka, ko? Bawan Allah."

Ta ce ganye ya fara ja a kan tudu, alamar sanyi ya kusa, Marlene ta bugo waya, ita kuma ta soma cusa kaya a kwali. Daga bakin ƙofa ta juyo ta ce ta ɗauka kasawa zai yi, ba ta ɗauka zama zai yi yana jin daɗi ba. Da yamma ta kwashe shanyarta daga igiyar. Asabar ta zo ta wuce, tukunya ba ta tsallako ba.

Hollis ya bar ganyaye. Ya bi tsagar da wuƙa sama da ƙasa, ya fitar da fentin shekaru kamar busasshiyar fata, ya zuba wa ƙarafan mai, ya nemo babban makullin a aljihun teburin tsohuwa. Makulli ya juya. Ya shiga falo ya ja. Ƙyaure bai san ana yi ba. Ya sake ja har bayansa ya amsa. Sai ya fita titi, ya ja da baya, ya ɗaga kai. Ashe ba fenti kaɗai ba ne. Ɗakin nan mai goshi ya yi shekaru yana saukowa a hankali, har ya zauna daram a kan ƙyauren. Mutum ɗaya ba ya ɗaga ɗaki. Sai da maza da kayan aiki, maza kuma sai an faɗa musu dalili.

Ya zagaya bayan gidan Leta ya tsaya, hula a hannu. Ba ta ce ya shigo ba. Ya yi mata bayani ta ragar ƙofa, ya ce in ba ta ɗage sharaɗin ba, ƙofa ba za ta buɗu ba.

"Faɗa musu," in ji ta daga ciki. "Dariyar ai yanzu ba ni za a yi wa ba."

Da safe ya gangara bakin ruwa, shagon da tsofaffi ke shan shayi. Ya tsaya a tsakiya ya ce ba mutuwa zai yi ba, aure ne, kuma yana neman hannu. Wade ne ya fara magana, ya ce shi har ya gyara wuri a rumfarsa saboda tsanin. Wani ya ce matarsa ta yanka kazar da ba ta yi niyyar yankawa ba. Fasto, da labarin ya same shi, ya ce ya riga ya shirya huɗubar jana'iza, mai kyau ma kuwa, amma ba ta lalacewa, za ta jira. Sun yi masa tsiya son ransu. Sannan kowa ya tashi ya je ɗauko abin da yake da shi.

Suka zo da jak ɗin ɗaga jirgi da manyan katakai, suka tokare goshin gidan ta dama da hagu. Rabin gari ya taru a titi, mata na sama a tagoginsu. Freeman ke ba da umarni, ana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Gidan ya yi nishi irin na tsoho mai tashi daga kujera. Da aka ɗaga kamar kaurin yatsa gilasan sama suka fara kuka, Freeman ya ce a tsaya nan, in ba haka ba amarya za ta shigo ta tarar da ɗaki a falo. Suka cusa guntayen katako suka tsare wurin. Hollis na ciki. Ya kama mariƙin da hannu biyu, ya ɗan tsaya, sannan ya ja.

Ƙyauren ya yi ƙara, ya saki. Haske ya faɗo kan dardumar da rabonta da rana tun zamanin tsohuwa. Ya buɗu kamar kamu ɗaya, sai ya cije, don daɓen katakon falon ya kumbura a wurin. Wade ya durƙusa ya duba, ya ce sai an fere ƙasan ƙyauren, aikin yini ɗaya ne. Hollis ya ce a bar shi haka tukuna.

Aka kira Leta. Da safen nan motar Marlene ta iso, iska kuma ta fara warin ƙanƙara. Leta ta zagayo titi da rigar sanyi, 'yarta na biye. Ta tsaya gaban ƙofar ta auna ta da ido. Hollis ya leƙo da rabin fuska ta ciki.

"Wannan kake kira buɗewa?"

"Ke ai ba ki da faɗi."

"Ka gode wa Allah. Da Erma ce da sai an rushe bango."

Erma na sama ta ji, ta rufe tagarta. Leta ta ƙara duban wurin, ta dubi kafaɗunta. Ta juya ta ce wa Marlene kwalayen nan ba mota za a sa su ba, a tsallaka da su ta baya.

An ɗaura auren kafin ƙanƙara ta kwanta sosai. Daga coci aka hauro da ƙafa. Leta ta cire hularta ta miƙa wa Marlene, ta juya gefe, ta haɗiye numfashi, ta shige. Maɓalli ɗaya ya tsinke, Freeman ya tsince shi. Ta tsaya a tsakiyar falon ita kaɗai na ɗan lokaci, ba wanda ya san me take kallo. Sauran jama'a, har da ango, duk suka zagaya ta kicin kamar kullum. Bayan an ci an sha kowace mace ta nemi tukunyarta ta tafi da ita.

Sun yi shekaru masu kyau tare. Tsumman goge kwanuka ya samu mai kula da shi. Baƙi suka ƙara son ƙofar, don yanzu samanta katako ne tsirara da Hollis ya shafa wa mai, ƙasanta kuma dabbare-dabbaren kore da rawaya da baƙi. Wasu sukan tambaya ko wani salon gargajiya ne.

Kowace bazara akan tambayi Hollis yaushe zai fere ƙasan ƙyauren. Yakan ce bana in Allah ya so. Wata rana ma yakan fito da akwatin kayan kafinta, ya durƙusa, ya duba, sai ya tuna akwai bangon wani da ke jiransa a can ƙasan gari. Freeman ya taɓa ce masa wannan 'yar tsagar fa akwati ba zai bi ta ciki ba, ko a karkace. Hollis ya ce shi ma ya lura. Leta, wadda ba ta ganin ƙusa a karkace ta yi shiru, ba a taɓa jin ta yi masa maganar ba.

Ya rasu a asibiti, a tsakiyar wani hunturu, bayan gajeriyar jinya. Daga can aka wuce da shi coci. Dogon tsanin Wade aka ba.

Da ƙanƙara ta narke Wade ya zo ta ƙofar kicin da kayan aikinsa, ya ce ya zo ya ƙarasa ƙyauren nan, kyauta, a fere shi a yi masa fenti ya buɗu yadda ya kamata. Leta ta zuba masa shayi, ta yanka masa burodi. Ta ce ya bari tukuna, ba sauri ake yi ba.